Tuwon Gidan Malam Abarshi

Ranar da Huraira ta fito daga daji, Birnin Gwari kaf sai da ta zo gidan Malam Abarshi yin barka. Mata sun cika tsakar gida, maza sun cika ƙofar gida, har da waɗanda rabonsu da gaisawa da mai gidan tun rigimar iyakar gona. Surukin nata ya tsaya a bakin zaure cikin babbar riga yana share ido, yana faɗa wa duk wanda ya miƙo masa hannu, "Matar ɗana ai 'yata ce. Masarar da na noma duka na sayar na fanso ta, kuma da ana sayen rumbu da na haɗa da shi." Mutane suka yi ta sa masa albarka, ana cewa irin su Malam sun yi ƙaranci a wannan zamani.

Masu barka na watsewa, Inna Azumi, uwar mijinta, ta nuna mata ɗakin da ke jikin turken awaki, inda ake ajiye buhunan taki. Ta turo mata wani koren kwano mai ɓalgataccen baki, da moɗa, da buta wadda aka ɗaura wa jan ƙyalle a wuya.

"Waɗannan naki ne. Kada su haɗu da na gida."

"Inna, ɗakina fa?"

"Zakiyya matar yayan mijinki ta zuba kaya a ciki. Ki huta a nan tukuna, kin sha wuya."

Huraira ba ta damu da ɗaki ba, idonta na kan 'yarta. Lokacin roron wake 'yan bindiga suka kwashe ta da wasu mata daga gona, ta bar Karima tana nono a hannun Inna da nufin za ta dawo kafin azahar. Yanzu ga shi ana shirin shuka, yarinyar har tana gudu da ƙafarta. Huraira ta durƙusa ta buɗe hannu. Karima ta kalle ta kamar baƙuwa, ta koma bayan kakarta ta riƙe zane.

"A'a, Huraira, ina kunya?" in ji Inna. "'Yar fari ce fa. Ko daji ya mantar da ke al'ada?"

Gaskiya ne, a gidajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rawar jiki a kansa a gaban surukai. Huraira ba ta taɓa furta sunan yarinyar ba tun ranar suna, sai dai ta ce "mutuniyar". Amma kunya ba ta taɓa hana uwa goyo ba, ba ta taɓa hana ta sa wa ɗanta loma a baki ba. Inna ta ɗauko al'adar ne kawai ta yi shinge da ita, don ta san shinge ne da ba wanda zai ce a cire.

A unguwar, bayan sallar magariba magidanta kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Malam, kowa a fito da kwanon gidansa a haɗa a ci tare. Ciyayya ke nan, kuma a kan wannan tabarmar ake yanke wa kowane gida hukunci. Ba a yi nisa ba Nababa, dillalin hatsi mai baki kamar reza, ya janye hannunsa daga kwanon gidan Malam.

"Malam, ba don komai ba, wa ya yi girkin nan? Wanda ya zauna da mutanen can, ba a san me suka ba shi ya ci ba. Ba a kuma san me suka ce ya zuba wa mutane ba."

"Haba Nababa," in ji Malam Abarshi. "Ai ko ludayi ba ta taɓawa, hutu muka ba ta. Wannan hannun Zakiyya ne, matar babban yarona."

Nababa ya mayar da hannu, ya yanki loma wadda ta fi ta kowa.

Huraira na jin su, don bangon madafa shi ne bangon waje. Ita ta surfa masarar, ita ta kai ta rana, ita ta tankaɗe garin, ita ta tuƙa tuwon har kafaɗunta na ƙara, ita ta kaɗa miyar kukar. Zakiyya tana da wani ciwon baya mai hankali, wanda ba ya tashi sai ya hango taɓarya. Aikinta ɗaya ne: in an gama kwasa ta zo ta rufe kwanuka, ta kai na maza zaure, ta raba na cikin gida. Inna kuwa ta riga ta ba da tata fatawar, wadda ba a littafin kowane malami ta samo ba.

"Abin da ya bi ta wuta ya tsarkaka. Hannu da hannu ne ba ma so."

Haka gidan ya ci guminta safe da yamma yana ƙyamar hannunta. A waje ana ta yabon miyar Zakiyya, har Nababa ya ce wa matarsa ta je ta koyo.

Matan unguwa kuwa ba su taɓa son aron kaya a gidan ba kamar wannan daminar. Wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo ɗiban wuta alhali da ashana a ƙugunta. Kowacce in ta gaida Huraira, idonta ba ya tsayawa a fuska, sai ya gangara kan cikinta. Suna jira ne ya taso. Da watanni suka wuce bai taso ba, ba wadda ta ce Alhamdu lillahi. Aka koma cewa ai akwai saiwoyi a daji, wa ya san me ta sha. Huraira ta rame har zanenta na zagaye ta sau biyu, ta daina ɗaga kai in an yi sallama.

Mutum ɗaya ce ke zama a kan tabarmarta, Rhoda mai ɗinki, uwar Grace, wadda ta yi shekaru a Kaduna kafin aikin koyarwa ya kawo mijinta garin. Takan shigo karɓar ɗinkin Zakiyya, ta ratse ta zauna, har ta sha ruwa da moɗar da aka ware.

"Ni fa garin nan naku ya ishe ni," in ji Rhoda wata rana. "In na soya kifi, kafin ya huce an sani a bakin kasuwa. Amma kar ki ga kamar Kaduna aljanna ce. A gidan hayar da muka zauna, wani tsoho ya mutu a ɗakinsa, sai wari ne ya gaya mana. Ba wanda ya san sunansa na gaskiya."

"Ba wanda ya san sunansa?"

"Ko ɗaya. A can ba ruwan kowa da kowa."

Huraira ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. "Maman Grace, wallahi irin garin da nake so ke nan. Inda zan wuce ba wanda ya san ni."

Daga ranar ta sa Kaduna a ranta. Mijinta Suhaibu na can yana jan keke mai ƙafa uku, kuma tun da ta fito sau ɗaya ya kira wayar Inna ya ce a gaishe ta. Ta riƙa faɗa wa kanta in ya zo za ta roƙe shi ya ɗauke su ita da yarinyar, ko a ɗaki ɗaya ne, ko a ƙasa za su kwana.

Wata safiya tana kankare ƙanzo a gindin tukunya, sai ga Karima ta lallaɓo ta tsaya tana kallo da yatsa a baki. Ba kowa a tsakar gida. Huraira ta ɓallo wani ɗan guntu mai ƙamshi ta miƙa mata. Yarinyar ta karɓa, ta sa a baki, ta yi murmushi. Huraira ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji.

Ba ta ga fitowar Inna ba, sai ƙarar mari ta ji a bayan yarinyar. Tsohuwar ta zura yatsa ta ƙwaƙulo ƙanzon, ta ja Karima bakin rijiya ta wanke mata baki da sabulun wanki, yarinyar na tsala ihu.

"Gobe ma ki sake zuwa wurinta! Dodo ce, za ta kai ki daji!"

"Inna, ni na haife ta," in ji Huraira.

"Ni na yaye ta. Ina kike lokacin da take kwana kuka? Kina can kina abin da ke kaɗai kika sani."

Daga ranar, in Karima ta hango uwarta sai ta ruga.

Suhaibu ya zo bayan an fara cin ɗanyar masara, cikin jerin motocin da sojoji ke rakowa. Ya yi ƙiba, ya sa baƙin tabarau, yana ta ƙorafin garin ba wuta ba sabis. Sai da la'asar ya zo ƙofar ɗakinta, ya tsaya daga waje kamar mai karɓar haraji, yana toshe hanci saboda warin taki.

"Sannu. Ya jiki?"

Ta durƙusa. "Don Allah ka tafi da mu. Ba na son komai, ko wanke-wanke zan yi a gidajen mutane in ci da kaina. An ce a can ba wanda ke tambayar mutum daga ina ya fito."

"Ke kin san Kaduna kuwa? Mu uku ne a ɗakin da nake kwana."

"To ka sauwaƙe mini, ka ba ni mutuniyar in nemi dangina."

"Wane dangi? Ƙauyenku na wajen Kuyello ko kaza ba ta saura ba, kowa ya watse." Ya cire tabarau ya goge da riga. "Kuma Baba ya ce ba inda za ki. In kika bar gidan nan, garin nan cewa za a yi mun kore ki. Kin san yadda ake ganin girmansa saboda ke? Har a masallaci an yi misali da shi."

"To ni hoto ce da aka rataya a zaure?"

"Kar ki yi mini rashin kunya. Ana ciyar da ke, me kika rasa?" Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo. "Af, gobe zan wuce da Karima. Yaya Nafisat za ta riƙe ta a Rigasa. Nan duk inda ta bi, 'yar ta-daji za a riƙa ce mata, har ranar aurenta. A can ba wanda ya san ko 'yar wace ce. Gata muke yi mata."

Huraira ta bi shi da kallo har ya fice. Abin da ta kwana tana roƙo ta tashi tana roƙo, shi aka ɗauka aka ba 'yarta, aka cire ta a ciki. Ita za a bar ta a nan ta ci gaba da tuƙa tuwo, don a ci gaba da yin misali da Malam a masallaci.

Ta shiga madafa ta yi girkin yamma kamar kullum. Ta ma fi kyautata shi, ta sa daddawa mai kyau, ta zuba man shanu. Da aka idar da magariba Zakiyya ta taso da ciwon bayanta za ta rufe kwanuka, sai ta tarar babban kwanon maza ba ya nan.

Huraira ce ta ɗauke shi. Ta ratsa zaure da mayafinta, ta fito ƙofar gida, wurin da macen gidan ba ta taɓa takawa ba a wannan lokaci. Maza na zaune sun wanke hannu. Ta dire kwanon a tsakiyar tabarma, a gaban Nababa, ta buɗe murfin da hannunta.

"Ga tuwo, Baba Nababa. Ni na tuƙa. Na jiya ma ni ce, da na shekaranjiya, da duk wanda kuka ci tun farkon damina. Zakiyya ko wuta ba ta hurawa. In akwai abin da aka ce in zuba muku, ai da yanzu an yi bakwai ɗinku."

Nababa ya dubi tuwon, ya dubi Malam Abarshi.

"Malam, ashe ƙarya kake shirga mana?"

"Yarinyar nan ba ta da lafiya," in ji Malam. "Tun da ta dawo kanta ba daidai yake ba. Suhaibu, shigar da ita!"

"Kaina daidai yake, Baba." Ta juya ga sauran. "Ku ne manyan unguwa. Gobe za a ɗauke mini 'yata a kai ta Kaduna. Tun da na dawo ba a bar ni na goya ta ba ko sau ɗaya. Kun ci abincina, ku ce wani abu."

Ta zaci kunya za ta kama su. A garin da kowa ya san kowa, ta ɗauka in aka san gaskiya dole wani ya miƙe. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce wannan maganar cikin gida ce. Wani ya ce mace ta fito gaban maza haka, ai ka ga abin da ake faɗa. Nababa ya tofar da yawu gefe, ya ɗauki kwanon gidansa ya tashi, yana cewa shi dai an cuce shi. Ɗaya bayan ɗaya suka janye, kowa na jin haushin tuwon da ya ci, ba wanda ya tambayi yarinya.

Da gari ya waye, ɗakin Inna a buɗe, ba Karima, ba 'yan kayanta. An fita da ita tun asuba don a samu shiga jerin motoci. Inna na zaune tana jan carbi, ba ta ko ɗago ba.

"Mijinki ya ce a gaya miki ya sauwaƙe miki. Malam kuma ya ce tunda kin zaɓi ki tona masa asiri, ki nemi wani gidan. Mun yi iya yinmu, Allah ya gani, garin nan ma ya gani. Ki tafi da kwanonki da butarki, ba mai amfani da su."

Zakiyya na bakin madafa tana fama da ɗanyen itace, hayaƙi ya cika mata ido, tana tsine wa wadda ta jawo mata wannan wahala.

Huraira ta kai wa Rhoda tukwanenta biyu na aure, ta ce ta riƙe su ta ba ta kuɗin mota. Rhoda ta ƙi karɓar tukwanen, ta kunce bakin zane ta ba ta.

"Kina da lambar Nafisat ɗin? Kin san layinsu?"

"Rigasa aka ce. In na je zan tambaya."

"Huraira, ba a tambaya haka a Kaduna. Ki bari mijina ya bincika mana tukuna."

"'Yar Malam Abarshi ce fa. Wa zai ce bai san ta ba?"

Ba ta taɓa wuce Birnin Gwari ba a rayuwarta. A iya saninta, in ka faɗi sunan mutum da na ubansa, ko yaro ka tare zai kai ka har ƙofar ɗaki. Washegari ta bi motocin rakiya. Da suka ratsa dajin, sauran fasinjoji suka yi ta salati suna sunkuyar da kai, ita kuwa ta zuba wa itatuwan ido, don ba su da sauran abin da za su ƙwace mata.

Aka sauke ta a Mando, bakin Kaduna, wani mai keke ya kai ta Rigasa ya ce ga ta nan. Ta tsaya a bakin titi da ƙullin kayanta. Gidaje ne iya ganin ido, lungu na haifar lungu, babura na wucewa ta gabanta da bayanta. Ta matsa wurin wata mai tuyar awara ta gaishe ta har ƙasa.

"Don Allah gidan Nafisat nake nema."

"Wace Nafisat?"

"'Yar Malam Abarshi, na Birnin Gwari. An kawo mata yarinya jiya."

Matar ta yi dariya ba tare da ta ɗago daga kaskonta ba. "Baiwar Allah, a layin nan kaɗai Nafisat sun fi a ƙirga. Ni maƙwabciyata ma ban san sunan ubanta ba. Matsa, kina tare mini masu saye."

Ta tambayi mai shago, ya ce ta kira waya. Ta tambayi wani dattijo a ƙofar masallaci, ya ce Rigasa ta ninka garinsu sau ba adadi, Allah ya sa a dace. Ta yi sallama a gidaje, wasu suka leƙo ta kafar ƙofa suka ce ba sadaka. Har rana ta karkata tana tafiya. Ba wanda ya kalli cikinta, ba wanda ya ja ɗansa gefe don ta wuce. Wata mata ma ta ba ta ruwa a kofin da 'ya'yanta ke sha, ba ta tambaye ta daga ina ba, ta karɓi kofinta ta rufe ƙofa. Duk abin da Rhoda ta faɗa gaskiya ne, ba a rage mata komai ba.

Gab da magariba ta iso wani fili inda yara ke wasa, ƙanana da manya, sun yi buɗu-buɗu da ƙasa. Ta tsaya tana duba su ɗaya bayan ɗaya. Can nesa ta hango wata 'yar ƙarama mai irin tafiyar 'yarta, ta ba ta baya. Huraira ta saki ƙullin kayanta, koren kwanon ya gangara cikin kwata. Sunan da ta riƙe a bakinta tun ranar suna saboda kunyar mutanen da ba su ji kunyarta ba, ta ɗaga murya ta sake shi da dukkan ƙarfinta.

"Karima!"

Yara biyu suka waiwayo. Ba tata a ciki.